Allurar da Na Dafa

Bismillahi. Sunana Habiba, amma a unguwarmu nan Jalingo Goggo Habi ake ce mini. Boko da tsufana na koya, a ajin matan aure na yamma, don haka yadda nake magana haka zan rubuta. Na rubuta ne don wata kada ta yi abin da na yi. Wanda ya ga ya yi masa tsawo ya ajiye, ban hana ba.

Sana'ata wankan jego da wankan jarirai. Ni ba ungozoma ba ce, ba na karɓar haihuwa, amma da an yanke cibi ni ake aikowa. Samarin layinmu da ke wuce ni a kan mashin ba gaisuwa, yawancinsu ni na fara wanke musu ɗuwawu. Na faɗi wannan ne don a san ni da hannuna nake ci, da shi kuma aka san ni.

Abin a gwiwar hannu ya fara. Ɗan tabo ja, samansa fari kamar an barbaɗa garin rogo. Na ce kirci ne, na shafa man kaɗanya na manta. Sai ya tsallaka gwiwar ƙafa, ya hau kai ya shige cikin gashi, ya sauko bayan kunne. Ƙaiƙayi kuwa ba a magana. In na tashi daga tabarma sai an share wurin, fatata ce a zube kamar dusa. Duk da haka ban damu sosai ba, tunda zane da mayafi suna rufe mini asiri. Ranar da ya fito a hannu, tafin ya tsattsage yana jini, farce ya yi rami-rami ya fara ɗagowa, ranar na san na shiga uku.

Ba wanda ya faɗa mini komai a ido. Kawai aka daina kirana. Sai dai in ji a bakin mutane wance ta sauka, har an yi kwana uku. A wani gidan suna aka ba ni kwanona daban, wai girmamawa ce. Ina fita na ga an kai shi bayan ɗaki ana dirza shi da toka. Wata ta ce kuturta, a hankali, a bayana. Ido ne ya tsufa mini, kunne bai tsufa ba.

To ana cikin haka Asma'u, autata da ke aure a unguwar Turaki, ta sami ciki. Cikin fari. Kowa ya san haihuwar fari gida ake zuwa, uwa ta yi wa 'yarta wanka har arba'in. Ni da na yi wa 'ya'yan mutane shekara da shekaru, ranar da aka gaya mini ban iya zama ba. Na fara tara ice tun ciki bai fito ba.

Sai ga uwar mijinta, Hajiya Dudu, wai ta zo duba ni. Na shimfiɗa mata tabarma, ta ce ƙafarta na ciwo, kujera ta fi mata. Muka gaisa har muka gaji.

"Goggo, dama cewa na yi, tunda ba kya jin daɗi, kada mu ɗora miki wahala. Asma'u sai ta yi zamanta wurinmu kawai."

"Hajiya, ƙafata lafiya, bayana lafiya. Wace wahala?"

Ta kalli hannuna, ta ɗaga kai tana kallon rufin ɗaki. "Fatar jariri ba ta da ƙwari. Ai kin fi ni sani."

Na ce, in hannun ya warke kafin lokacin fa? Ta ce in ya warke ai magana ta ƙare, ita ba ta da ta cewa. Yadda ta faɗa na gane ba ta sa ran zai warke.

Yayata Adda Mairo ta taso daga Sunkani da ƙullin kayanta, ta ce ita za ta yi jinyata. Allah ya saka mata, amma wallahi na ga abu a hannunta. Sassaƙen maɗaci na sha har harshena ya daina sanin gishiri. Ganyen dogon yaro aka dafa na yi surace. Aka karɓo rubutu na sha. Wani ya ce kifi da nono na haɗa, wata ta ce sammu ne, wata abokiyar sana'a ce ta yi mini. Wani mai shagon magani ya ba mu man shafawa, sati guda jiki ya yi sumul har na yi guɗa, ana dainawa ya dawo da 'yan uwansa. Adda kuma ta ce datti ne ya kafe, ta zaunar da ni a bayi tana kankare ni da soso da ruwan zafi har sai jini ya tsattsafo. Abin mamaki, duk inda ta kankare da ƙarfi, nan sabo yake fitowa. Ko layin da farcenta ya ja mini a baya, sai da abin ya bi layin ya fito.

Da muka gaji muka tafi asibiti. Layin kati kaɗai ya ci mana safiya. Likitan farko bai ko taɓa ni ba, ya leƙo daga bayan tebur ya rubuta wani man. Wata mai shara ce ta ce mana akwai likitan fata da ke zuwa daga wata jiha sau ɗaya a wata, mu jira shi. Muka jira. Ranar da ya zo, mutane kamar ana rabon taki. Wata mata da ƙafarta ke wari tun daga bakin ƙofa, ina zama kusa da ita ta ja jikinta ta matsa. Na ce mata, "Baiwar Allah, ni ya kamata in matsa." Ba mu shiga ba sai bayan la'asar.

Likitan yaro ne, ba zai girmi ɗana ba. Ya ce in miƙo hannu. Ya kama da hannunsa haka, ba safa ba komai, yana juyawa yana dubawa. Na daɗe rabona da wani ya riƙe mini hannu, sai da na kau da kai. Ya duba kai, ya duba gwiwa, ya ce, "Soriyasis."

Na ce, "Ba komai ɗana, ai ba kai ka sa mini ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Mama, ba sori na ce ba. Sunan ciwon ke nan."

Na ce kuturta ce? Ya ce a'a. Ana ɗauka? Ya ce ko kwano ɗaya muka ci shekara goma ba zai ɗauka ba. Sai dai wani lokaci yakan bi jini, a samu wani a zuri'a ya yi, wani lokaci kuma ba kowa.

Na ce to mene ne? Ya ja kujera ya yi mini bayani, ga abin da na riƙe. Wai fatar mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Daga ƙasa ake haihuwarsu, su riƙa hawowa sama a hankali suna ƙwari, wajen wata guda, sannan su kaɗe ba ka sani ba. Ni kuma nawa cikin 'yan kwanaki suke isowa sama, ba su nuna ba, ba su yi ƙwari ba, na baya na turo na gaba, sai su taru su yi wannan ɓawon.

Na ce, "Wato bakwaini fatata take haifa."

Ya tsaya, ya ce wallahi haka ne, zai ara ya riƙa gaya wa mutane.

Na ce to wa ke korarsu? Ya ce sojojin jikina. Wai akwai sojoji a jini masu yaƙi da cuta, nawa sun ɗauka akwai rauni a fata alhali babu, sai suke ta aika saƙo a yi sauri a yi sabuwar fata. Na ce sojojin nawa ne? Ya ce nawa. Suke yi mini wannan? Ya ce e. Na ce me na yi musu? Ya ce wannan kam su ma likitoci ba su gama sani ba. Nan kaina ya ɗaure, har yau kuma bai kwance ba. Na saba ciwo daga waje yake shigowa, iska ko sauro ko mutum. Ban taɓa jin ciwon da gida ke yi wa gida ba.

Ya ce akwai ƙwaya da ake fara bayarwa, amma sai an auna jini. Aka auna, aka ce hantata ba za ta ɗauka ba. Ya tambaye ni me nake sha, na lissafa masa, ya kalli Adda, Adda ta kalli taga. Sai ya ce saura allura, bayolojik ake ce mata. Ita ba ta taɓa fatar, ba ta kashe sojojin, ɗan aiken take tarewa a hanya. In saƙon bai isa ba, fata sai ta koma tafiyarta a hankali. Amma da tsada, kuma ba a samu a nan.

Kafin nan sai da aka ɗauki hoton ƙirjina, aka ba ni roba in tofa majina, aka sake jan jini. Na ce fata na kawo, me ya kai ku ƙirji? Wai allurar na rage wa sojojin ƙarfi, in akwai tarin fuka da ke barci a jiki zai iya tashi. Wato a gyara waje a buɗe wani. Aka ce dai ƙirjina lafiya.

Kuɗin allurar ba zan rubuta ba, kada mai ciwon ya karanta ya faɗi. Shanun gadona da ke wurin ƙanena a ruga, rabinsu aka kaɗa kasuwar Iware. Ɗana na fari, wanda ke aiki a Abuja, sunansa ba zan rubuta ba, shi ya cika, shi kuma ya nemo maganin ya aiko a mota cikin kula da ƙanƙara.

Ni kuma da murnata na je Turaki na gaya wa Hajiya Dudu likita ya ce ba a ɗauka, sai dai wani lokaci ana gado. Da na sani rabin farko kaɗai na faɗa. Ta ce, "Gado?" Sai ta tashi ta kawo mini ruwa.

Yanzu na zo inda nake so a karanta da kyau.

Allurar ba irin wadda muka sani ba ce. Kamar biro take, mai kauri, da ɗan gilashi a jiki da ake ganin ruwan, garau kamar hawaye. Mutum da kansa yake danna wa cinyarsa. Ta farko a asibiti aka yi mini, wata Sista ce ta koya mini. Mace mai kirki, amma ba Bahaushiya ba ce, ba Bafulatana ba, Hausarta ta kasuwa ce. Da na shiga allurar tana kan tebur, ta ɗauka ta nuna mini yadda ake yi. Ta ce, "Mama, wannan magani a firij yana zauna. Ba wurin ƙanƙara ba, ƙasa. In ka cire shi kar ka buga da sanyi, zai yi maka zafi. Ka bari ya yi ɗumi tukuna." Na ce na ji. Ta ce in maimaita, na maimaita: kar a buga da sanyi, sai ya yi ɗumi. Ta ce, "Yauwa Mama, ka fi yara ganewa." Aka ce duk sati ɗaya har wata ya cika, daga nan a riƙa tazara.

Ni ba ni da firij, ko da akwai ina wutar? Maƙwabciyata Saraya, Mumuye ce, tana sayar da zobo da kunun aya, tana da sola. Tun kafin in gama roƙo ta kwashe robobinta daga hawa ɗaya ta sa mini a kwano mai murfi. Ta tara 'ya'yanta ta ce duk wanda ya taɓa kwanon Goggo sai dai ya koma ƙauye. Saraya ce kaɗai duk tsawon ciwon nan ba ta canza mini kofi ba.

Sati ya zagayo na ɗauko guda. Adda ta taɓa, ta ja hannu. "Kay! Wannan ƙanƙarar za ki tura a jini? Ke da ko ruwan randa ke tayar miki da sanyin ƙashi?"

"An ce a bari ya yi ɗumi."

"To me muke jira?"

Ku gaya mini, 'yan uwa mata, yaya ake sa abu ya yi ɗumi? Ni duk rayuwata da ruwan zafi nake aiki. Mai jego ba ta shan sanyi, ba ta taɓa sanyi, in sanyi ya shiga jiki ya shiga ke nan. Adda ta tsiyayo ruwa daga filas a kofin silba, muka tsoma allurar muka zauna muna kallo. Can sai ruwan cikin gilashin ya fara hazo, ya yi fari-fari, har da wasu 'yan zare suna yawo. Adda ta ce, "Ya nuna." Na yi bismillah na danna a cinya. Wurin ya kumbura ya yi ja, muka ce magani ya fara aiki.

Haka muka yi sati na biye, da na bayansa, har suka ƙare. Ba abin da ya ragu. Ƙaiƙayi na nan, shara na nan, tafin hannu ya ƙara tsagewa, ko tsarki da ƙyar. Asma'u takan biyo in ta dawo daga awo, cikinta ya yi gaba. Ta kama hannuna in fizge. Ta ce, "Inna, ba an ce ba a ɗauka ba?" Na ce an ce. Amma ni kaina a lokacin ban san me zan yarda da shi ba. An ce allura za ta yi, ga shi ba ta yi ba. To sauran maganar likitan ma wa ya sani?

Adda kuma ta fara zargin Saraya, wai tana kashe firij don ta kunna wa yara talabijin. Ta faɗa a tsakar gida da ƙarfi yadda zai tsallaka katanga. Ranar komawa asibiti sai ga Saraya ta ɗaura ɗankwalinta na coci, ta ce da ita za a tafi, za ta gaya wa likita da bakinta.

Likita ya duba ni. Ya ce ko ba a warke ba ya kamata a ce an fara ganin alama. Ya ce ina ake ajiyewa? Saraya ta miƙe tsaye. "Likita, firij nawa bai taɓa mutu ba. Zobo nawa na cire saboda Goggo. A tambayi yara." Ya ce bai daskare ba? Ta ce ko sau ɗaya. Ya ce a cinya nake yi? Na nuna masa. Ina dannawa har sai ya ƙare? Na ce har sai ya yi ƙara. Na ga ya rasa inda zai kama, sai na ce bari in kwantar masa da hankali.

"Ɗana, ta wajenmu ba kuskure. Ban taɓa yi da sanyi ba. Sai mun tsoma a ruwan zafi ya nuna."

"Ya me?"

"Ya nuna. Ya yi fari."

Ya ajiye biro. Ya sa hannu biyu ya rufe fuska, ya daɗe a haka. Na ɗauka kansa ke ciwo, har na yi masa sannu. Da ya buɗe ya ce, "Mama, kin san farin ƙwai? Ɗanye garau yake. In ya ji wuta fa?" Na ce ya yi fari ya daskare. Ya ce, "Za ki iya mai da shi ɗanye?" Na ce a'a. Ya ce maganin nan dangin farin ƙwai ne, ba irin ƙwayar da ake haɗawa da gari ba. Kowane ɗan ƙwayarsa yana da siffa daidai da ɗan aiken da zai kama, kamar makulli da kwaɗo. In ya ji zafi siffar ta lanƙwashe, ba ya kama komai. Ya ce ruwan banza na yi ta tura wa cinyata, kuma in gode Allah da kumburi kaɗai ya tsaya.

Aka kira Sista. Da ta ji ta ɗora hannu a ka. "Mama! Ni ɗumi na ce, ban ce ruwan zafi ba!"

Na ce, "A garinku da me abu ke yin ɗumi, da addu'a?"

Ashe nufinta a ajiye a kan tebur kawai, sanyin firij ya fita da kansa. Na ce mata wannan ai ba ɗumi ba ne, wannan ya sha iska ake cewa. Da ta ce ya sha iska, ko mahaukaciya ba za ta kawo filas ba. Ta ce a takardar cikin kwalin an rubuta. Na ce da wane yare, kuma da wane ido? Rubutun kamar ƙafar tururuwa. Har yau ita tana ganin laifina ne, ni ina ganin na bakinta ne. Amma ta yi hawaye ranar, kuma na ji yanzu kowa ya zo ya sha iska take ce masa.

Muka hau keke napep muka kamo hanya. Sai da muka kusa gida Adda ta ce, "Ashe shanu muka yi ta dafawa a kofi, ko romo ba mu sha ba." Saraya ta fara dariya, ni ma na yi, daga nan kuka ya ƙwace mini. Da yamma Adda ta shiga gidan Saraya da kanta ta ba ta haƙuri.

Na kira na Abuja na gaya masa. Sai ya ce, "Ba komai Inna." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Sauran shanun suka bi 'yan uwansu. Maganin kuma bai samu da wuri ba, aka ce ya yanke, sai an jira. Ina zaune ina kallon hannuna, cikin Asma'u kuma ba ya jira.

Da ya iso muka sake daga farko. A kan tebur, a inuwa, ba mai taɓawa, Adda ma na hana ta wucewa ta wurin. Satin farko ban ga komai ba. Na biyu sai na lura na yi sallah tun daga kabbara har sallama ban sosa ba. Daga nan ɓawon ya riƙa zubewa ba ya dawowa. Tsakiyar tabon ke fara washewa, gefe ya biyo baya, ya bar baƙin shati kamar inda aka sauke tukunya. Kai ya washe, gwiwa ta washe. Hannu ne ya yi taurin kai. Likita ya ce dama tafin hannu da farce su ke zuwa ƙarshe.

Na tambaye shi, sabuwar fata allurar ta kawo? Ya ce a'a, tawa ce, an dai daina korarta. Na ce a cinya nake yi, yaya aka yi ta san hanyar bayan kunne? Ya ce jini ke kai ta. Na ce to na warke? Ya ce a'a, in aka daina, sojojin za su iya komawa aikensu. Wato har yaushe? Ya ce za mu riƙa dubawa. Shanu dai sun ƙare, ɗana ya ce in bar masa wannan tunanin. Ban san yadda za a yi ba, kuma ba zan yi ƙaryar na sani ba.

Saboda haka mai wannan ciwon, ki ji. Ba kuturta ba ce, kada ki bari a ware miki kwano. Kada ki kankare. Kada ki ɓata lokaci wurin masu man shafawa. In Allah ya hore miki allurar nan, kada ta daskare, kada ta ji wuta, kada ta ji rana, in kin ga ruwan ya yi hazo kada ki yi. Kuma in ma'aikacin asibiti ya gaya miki abu, kada ki maimaita masa da baki, ki ce ya nuna miki da hannu. Ni na maimaita daidai, kalma ba ta faɗi ba. Likitan nan Allah ya yi masa albarka. Saraya, useko, yadda muke godiya da Fulatanci, ba ni da abin biyanki. Masu layin kati kuma Allah ya shirye ku.

Asma'u ta sauka, namiji, tafin hannuna bai gama haɗewa ba. Hajiya Dudu ta zo da kanta ta ce in nuna mata. Ta duba ciki, ta duba baya, ba ta taɓa ba. Ta ce, "Ma sha Allah, ya yi sauƙi ƙwarai. Amma bai warke ba, Goggo." Gaskiya ta faɗa. Da ban dafa na farkon ba da tuni an wuce wurin. Wata da ni na koya wa aikin ita aka ɗauko ta yi wa 'yata wanka. Ranar suna na je, aka nuno mini shi a hannun wata, na leƙa, hannuna cikin mayafi. Icen da na tara Adda ta yi ta tuwo da shi. Wannan arba'in ɗin ya wuce ni, ba kuma zai dawo ba.

Da suka yi arba'in Asma'u ta zo yawon gaisuwa, Hajiya ta rako ta. Lokacin hannu ya haɗe tas, sai baƙin shati. Muna zaune ana hira sai Asma'u ta ce, "Inna, yau fa ba a yi masa wanka ba, mun yi sammako." Yaron yana ƙamshin sabulu tun daga inda nake. Na kalli Hajiya. Hajiya ta buɗe jakarta tana neman abin da ba ta ajiye ba.

Na ɗora ruwa, na sirka, na ɗauko baho. Asma'u ta miƙo mini shi. Na kwantar da shi a cinya, na cire masa riga, na cire hula. Sai na gani. A tsakiyar kansa, ɓawo, fari da ɗan rawaya, manne da fata.

Maganar gado ce kawai ke yi mini ƙara a kunne. Jarirai nawa na wanke, amma a lokacin ko ɗaya ban tuna ba. Na janye hannuna daga jikinsa, na ce, "Asma'u, karɓe shi. Karɓe shi na ce."

Hajiya Dudu ta taso ta sunkuya. Ta sa farce ta ɗan kankara, ta duba. "Haba Goggo. Ke da kika wanke rabin garin nan? Ɓawon maɗiga ne na jarirai. Ubansa da yana kamarsa, kansa kamar ƙanzon tukunya. Asma'u, miƙo man zaitun a jakata." Ta kama hannuna, da hannunta, ta mai da shi ƙarƙashin wuyan yaron. "Tallafe shi da kyau, tsantsi gare shi. Ruwan na hucewa."

Na ce, "Hajiya, kada ki koya mini aikina."

Na ɗebo ruwa na zuba masa. Ya tsala ihu har Saraya ta ɗago murya ta katanga tana tambaya lafiya, wa ya haihu a gidan? Na ce mata ta zo anjima, yanzu ina aiki.